ALƘALIN DA YA NEMI ƘURI'A DA DOKOKI GOMA

Gabatarwa

Na ɗauki alƙalami ne don in gyara wata magana da na yi a gabanku da bakina.

Waɗanda suka halarci babban ɗakin taro a zangon karatun da ya wuce za su tuna ƙungiyarmu ta muhawara ta kawo batu cewa ya kamata talakawa su riƙa zaɓen alƙalansu da ƙuri'a, kamar yadda suke zaɓen gwamna. Ni aka sa in buɗe wa masu goyon baya. Da na je neman taimako wurin malaminmu na darasin Gwamnati sai ya ce, "Yaro, in hujja kake so ka nufi Amurka, don can ake yin wannan abu." Na yi mako biyu ina zirga-zirga tsakanin laburare da ɗakin kwamfuta, har na ci karo da labarin wani alƙali mai suna Roy Moore na jihar Alabama. Ni Kirista ne, shekaruna goma sha shida, kuma ban taɓa jin labarin alƙalin da ya burge ni kamarsa ba. Da sunansa na buɗe jawabina, da shi na rufe, aka yi ta tafi, muka ci muhawara.

To, amma rabin labarin kawai na ba ku, domin rabin na karanta. Yanzu da na karanta sauran, ga shi na kawo muku duka, kowa ya auna da kansa.

Yadda ake samun alƙali a Amurka

A nan ƙasarmu ba a jefa wa alƙali ƙuri'a. Bisa Tsarin Mulkin 1999, Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa ce take ba da sunayen manyan alƙalai, Shugaban Ƙasa ko Gwamna ya naɗa. A Amurka kuwa kotuna iri biyu ne. Akwai na Tarayya, waɗanda Shugaban Ƙasa yake naɗa alƙalansu, Majalisar Dattijai ta amince, su riƙe kujera har su mutu ko su yi murabus don kansu. Akwai kuma na jihohi, inda kowace jiha take da tata hanyar. Daga cikin jihohi 50, guda 39 suna yin wani nau'in zaɓe ga alƙalansu, ko dukansu ko waɗansunsu.

Wannan al'ada ta daɗe. Jihar Mississippi ce ta fara zaɓen dukan alƙalanta cikin 1832, New York ta bi sawu cikin 1846, daga nan abin ya bazu. Nufin waɗanda suka kawo shi mai kyau ne. Sun ga gwamnoni da 'yan majalisa suna raba kujerun shari'a ga 'yan korensu, sai suka ce gara a mai da abin hannun jama'a.

Zaɓen iri uku ne. Na farko, ɗan takara ya fito ƙarƙashin tutar jam'iyya, ya yi zaɓen fid da gwani, a rubuta sunan jam'iyyarsa kusa da nasa a takardar ƙuri'a. Na biyu, a yi takara ba tare da an rubuta jam'iyya ba. Na uku, Gwamna ya naɗa alƙali daga cikin sunayen da wani kwamiti ya tace, bayan 'yan shekaru a tambayi jama'a, a bar shi ko a cire shi? Jihar Missouri ce ta fara wannan na uku cikin 1940. Alabama, inda labarinmu ya faru, irin na farko take bi. Kotun Ƙolinta tana da alƙalai tara, kowanne ana zaɓensa na shekara shida, kuma kowanne da jam'iyyarsa, ko Rifablikan ko Dimokurat.

Kafin mu shiga labarin, akwai abu biyu cikin Tsarin Mulkin Amurka da ya kamata mai karatu ya riƙe. Sashe na shida ya hana a sa addini ya zama sharaɗin riƙe muƙamin gwamnati. Gyara na farko kuma, wanda aka yi cikin 1791, ya hana gwamnati kafa addinin hukuma, ya kuma hana ta tauye wa kowa yin addininsa.

Wane ne Roy Moore?

An haifi Roy Moore a garin Gadsden na jihar Alabama cikin 1947, a gidan talakawa. Ya gama makarantar hafsoshin soja ta West Point cikin 1969, ya yi aikin soja a Biyetnam, ya dawo ya karanta aikin lauya a Jami'ar Alabama. Ɗan ɗarikar Baftis ne. Cikin 1982 ya nemi kujerar alƙali ƙarƙashin jam'iyyar Dimokurat, ya faɗi. Cikin 1992 wani alƙali ya rasu a gundumar Etowah, sai Gwamna Guy Hunt na jam'iyyar Rifablikan ya naɗa Moore ya maye gurbinsa.

Da ya shiga kotu sai ya rataye wani allon katako a bango bayan kujerarsa, wanda shi da kansa ya sassaƙa Dokoki Goma a jiki, watau dokokin nan da ke cikin Littafin Fitowa sura 20. Yakan kuma sa a buɗe zaman kotu da addu'a. Cikin 1995 wata ƙungiyar kare 'yancin ɗan ƙasa mai suna ACLU ta kai ƙara. Wannan ƙara ita ta fito da shi. Mutumin da da ba wanda ya san shi bayan gundumarsa, sai ga shi a jaridu da telebijin na ƙasa duka. Cikin 1997 dubban mutane suka yi gangami a Montgomery, babban birnin jihar, don mara masa baya, har Gwamnan lokacin, Fob James, ya yi barazanar sa dakarun jiha su tsare allon in aka zo cire shi. Shari'ar ta mutu a Kotun Ƙolin jiha ba tare da an yanke ainihin maganar ba, allo ya zauna inda yake.

Zaɓen shekarar 2000

Cikin 2000 kujerar Babban Jojin Alabama ta zama ba kowa, sai Moore ya fito nema ƙarƙashin Rifablikan. Babban abokin karawarsa a zaɓen fid da gwani shi ne Harold See, wanda ya riga ya zama alƙali a Kotun Ƙolin. Manyan 'yan kasuwa da jiga-jigan jam'iyya suna bayan See, kuɗinsa ya fi na Moore nesa ba kusa ba, kuma Karl Rove, gwanin dabarun zaɓe na George W. Bush, yana cikin masu ba shi shawara.

Moore ba shi da wannan duka, amma yana da laƙabi. A allunan talla na bakin hanya, da rediyo, da telebijin, da takardun da aka aika gida-gida, 'yan kamfensa suna kiransa Alƙalin Dokoki Goma. Babban alkawarinsa shi ne zai mai da shari'a kan tushenta na ɗa'a, wanda a ganinsa Allah ne. Alabama jiha ce ta masu zuwa majami'a ƙwarai, saboda haka maganar ta shiga. Ya ka da See cikin watan Yuni, ya ka da Sharon Yates ta Dimokurat cikin Nuwamba, aka rantsar da shi cikin Janairu 2001.

A lura da abin da ya faru a nan. Mai jefa ƙuri'a ba shi da lokacin karanta hukunce-hukuncen da ɗan takara ya taɓa yankewa, ko da ya karanta ma ba lalle ya gane ba. Saboda haka yakan nemi wata alama mai sauƙi. Sunan jam'iyya alama ce, addini kuma alama ce da ta fi ta ƙarfi. Moore ya haɗa biyun a hannu ɗaya.

Dutsen

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ran 31 ga Yuli 2001 da dare, bayan ma'aikata sun tashi, aka shigo da wani sassaƙaƙƙen dutse cikin babban zauren ginin Kotun Ƙoli a Montgomery. Nauyinsa laba 5,280, watau wajen kilo 2,400, kusan buhun siminti 48 ke nan. A samansa an zana Dokoki Goma a kan alluna biyu. Ba a taɓa kuɗin gwamnati wajen yinsa ba, amma Moore bai shawarci sauran alƙalai takwas ba, sai da gari ya waye suka gani. Wata ƙungiyar wa'azi ta jihar Florida ita kaɗai aka bari ta ɗauki hoton bidiyo na aikin, ta riƙa sayar da kaset ɗin don taimaka masa da kuɗin lauyoyi.

Lauyoyi uku waɗanda aikinsu yake kai su ginin kullum suka kai ƙara kotun Tarayya. A gaban kotu Moore bai ɓoye nufinsa ba. Ya ce ya kafa dutsen ne don a shaida ikon Allah na Littafi Mai Tsarki bisa jiha da dokokinta. Ran 18 ga Nuwamba 2002 Mai Shari'a Myron Thompson ya yanke cewa dutsen ya saɓa wa gyara na farko. Moore ya ɗaukaka ƙara, ran 1 ga Yuli 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin. Aka ba shi zuwa 20 ga Agusta ya kawar da dutsen, in ya ƙi a ci jihar tarar dala 5,000 kowace rana.

Babban Joji ya fito fili ya ce ba zai bi ba. Jama'a suka taru a matakalar kotu dare da rana, suna addu'a suna waƙoƙi, waɗansu har 'yan sanda suka kama su. Nan ne daidai inda na tsaya da karatu kafin muhawara, nan kuma na tsayar da ku, na ce ku dubi jarumin da ƙuri'ar talakawa ta haifar.

Waɗanda suka tsayar da shi

Ga sauran labarin. Ran 21 ga Agusta sauran alƙalai takwas na Kotun Ƙolin suka haɗa baki, ba wanda ya ware, suka soke umurnin shugabansu, suka ce a kawar da dutsen. Kashegari aka dakatar da Moore. Ran 27 ga wata aka tura dutsen cikin wani ɗaki aka kulle. Ran 13 ga Nuwamba 2003 kotun ladabtar da alƙalai ta jihar, mai mutum tara, alƙalai da lauyoyi da waɗanda ba lauyoyi ba, ta tuɓe shi daga kujera, nan ma ba wanda ya ware. Shi kuwa ya ce bai yi nadama ba.

Da ina tsammani maƙiya addini ne suka yi masa wannan. Da na duba sai na ga alƙalan nan takwas kusan dukansu 'yan jam'iyyarsa ne. Wanda ya gabatar da ƙararsa kuma shi ne Babban Lauyan jihar, Bill Pryor, ɗan Rifablikan, ɗan Katolika mai riƙo da addini, wanda shi kansa yana ganin ba laifi a kafa Dokoki Goma a ginin gwamnati. Matsayin Pryor shi ne, ko kana ganin kotu ta yi kuskure, in ka ɗaukaka ƙara ka faɗi, sai ka bi. Har cikin manyan ɗarikar Moore an sami irin su Richard Land da suka ce suna son dutsen amma ba su yarda da ƙin bin umurnin kotu ba.

Dalilinsu a fili yake. Kullum alƙali yana yanke wa mutane hukuncin da ba su so, a karɓe wa wannan gona, a ɗaure wancan, kuma kowa yana bi ne don an yarda cewa maganar kotu ita ce ta ƙarshe. Ran da Babban Joji ya ce shi ba zai bi kotun da ke samansa ba don zuciyarsa ba ta yarda ba, me zai ce wa talakan da ya gaya masa haka gobe?

Amma ku ji abin da ƙuri'a ta yi. Cikin 2004 ɗaya daga cikin alƙalan nan takwas, Jean Brown, ta nemi a sake zaɓenta. Sai Tom Parker, na hannun daman Moore, ya fito ya kara da ita a zaɓen fid da gwani na Rifablikan, aka yi ta tuna wa jama'a cewa tana cikin waɗanda suka kawar da dutsen, ya ka da ita. Ta bi doka, ta rasa kujera. Duk alƙalin da ke jihar ya ga wannan, ya kuwa ɗauki darasi.

Shi ma Moore bai tafi ke nan ba. Ya nemi jam'iyyarsa ta tsai da shi takarar Gwamna cikin 2006 da 2010, bai samu ba. Cikin 2012 jama'a suka sake zaɓensa Babban Joji, kujerar da aka tuɓe shi daga kai. Cikin 2015 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta auren jinsi ɗaya a ƙasar duka, sai cikin Janairu 2016 Moore ya ba ƙananan alƙalai masu ba da takardar aure umurni cewa dokar jihar da ta hana tana nan. Cikin Satumba 2016 kotun ladabtarwa ta dakatar da shi har ƙarshen wa'adinsa. Ya ajiye aiki cikin 2017 ya nemi kujerar Majalisar Dattijai, Doug Jones na Dimokurat ya ka da shi cikin Disamba. Sau biyu ƙuri'a ta ɗora shi, sau biyu doka ta sauke shi.

Abin bai tsaya a Alabama ba

Da can yawancin jihohi suna da ƙa'idar da ta hana mai neman kujerar alƙali bayyana ra'ayinsa kan batutuwan da ake gardama a kansu. Cikin 2002 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta soke irin wannan ƙa'ida ta jihar Minnesota, ta ce ta tauye 'yancin magana. Tun daga nan ƙungiyoyi, na addini da waɗanda ba na addini ba, suka ƙara samun damar aika wa 'yan takara tambayoyi kan zubar da ciki da aure da hukuncin kisa, su buga amsoshin su raba wa masu zaɓe. Ɗaya daga cikin alƙalai biyar ɗin, Sandra Day O'Connor, bayan ta yi murabus cikin 2006 ta shafe shekaru tana kira a daina zaɓen alƙalai.

A jihar Iowa, cikin 2009 alƙalai bakwai na Kotun Ƙoli suka yanke hukunci kan maganar aure wanda ya ɓata wa ƙungiyoyin Kirista masu ra'ayin riƙau rai. Cikin Nuwamba 2010 uku daga cikinsu suka zo zaɓen a bari ko a cire, aka yi musu gangami, aka cire su duka ukun, abin da bai taɓa faruwa ga Kotun Ƙolin jihar ba tun da ta ɗauki tsarin cikin 1962. Kada kuma a ɗauka ɓangare ɗaya ne kawai yake wannan. A jihar Wisconsin cikin 2023 Janet Protasiewicz, wadda 'yan Dimokurat suka mara wa baya, ta yi kamfe tana bayyana goyon bayanta ga 'yancin zubar da ciki, ta kuwa ci. Zaɓen kujera guda na wannan kotu cikin Afrilu 2025 ya ci wajen dala miliyan 100. Kowane ɓangare ya gane cewa in kana son hukunci, hanya mafi sauƙi ita ce ka zaɓi mai yanke shi.

Hujjar magoya bayansa

Adalci ne in faɗi abin da mutanen Moore suke cewa, don ba wawaye ba ne, ni ma na taɓa zama ɗayansu. Suna cewa ba alƙalin da yake hawa kujera da zuciya fanko. Kowa yana da abin da ya yi imani da shi, saboda haka gara wanda ya faɗa a fili da wanda ya ɓoye. Suna cewa alƙalan Tarayya ba wanda ya zaɓe su, amma suna yanke manyan al'amura na rayuwar jama'a, ba kuwa mai iya cire su da ƙuri'a. Suna kuma cewa Dokoki Goma suna cikin tarihin dokar ƙasarsu, har a bangon zauren Kotun Ƙolin Amurka akwai siffar Annabi Musa riƙe da alluna, cikin jerin masu ba da doka na duniya.

Wannan ta ƙarshe tana da ƙamshin gaskiya. Cikin Yuni 2005, a rana ɗaya, Kotun Ƙolin ta yanke shari'u biyu. Ta bar wani dutsen Dokoki Goma da ya yi shekara 40 a harabar majalisar jihar Texas cikin sauran abubuwan tarihi, ta kuma hana waɗanda aka rataye a kotunan gundumomi biyu na jihar Kentucky, don ta ga nufin masu ratayewa na addini ne. Ashe ba a kori Dokoki Goma daga idon jama'a ba. Abin da ake dubawa shi ne ko hukuma tana amfani da su ta nuna wane ne ɗan gida, wane ne baƙo.

Tambayar abokina

Daren da muka ci muhawara, bayan an kashe fitila, ina ta cika baki a ɗakin kwana. Abokina wanda gadonsa yake kusa da nawa tun muna aji ɗaya, Musulmi ne, tare muke cin garinmu da ƙuli-ƙuli, ya yi shiru har na gama. Sai ya ce, "To, na ji. Amma a ce ni da kai muka yi rigima a kan gona, aka kai mu gaban mutumin nan. Majami'arku ta yi masa kamfe, ni ko masallacinmu bai yi ba. Kana ganin zan yi barci daren da za a shiga kotu?"

Na ce ai mai tsoron Allah ne, ba zai zalunce shi ba. Ya ce, "Watakila. Amma ni ta yaya zan sani? In kuma aka juya, alƙalin namu ne, da ayoyinmu ya ci zaɓe, kai za ka yi barci?"

Ban ba shi amsa ba, don ba ni da ita. Sai na tuna da gasar ƙwallo ta gidaje. Kowa ya san ba a ba malamin da yake kula da wani gida usur ran da gidansa yake wasa. Ba wanda ya ce malamin macuci ne. Amma ko ya busa gaskiya, gidan da aka ci ba za su yarda ba, shi kuma in ya busa wa gidansa laifi sai ya sha kunya wurin yaransa. To, ina ga a ce 'yan kallo ne suke zaɓen alƙalin wasa, gidan da ya fi yawa ya ci, kuma a sake zaɓe bayan an dawo hutun rabin lokaci?

Gwamna na masu rinjaye ne, don haka aka zaɓe shi, in ya cika musu alkawari ya yi daidai. Alƙali kuwa sau da yawa aikinsa shi ne ya tsaya wa mutum ɗaya a gaban taro, ya ce wannan da kuka tsana shi ke da gaskiya. An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma a kotu bai kamata yawa ya yi sarauta ba.

Da na je hutu na kai wa mahaifina maganar, shi kuwa dattijo ne a majami'armu. Na ce, "Baba, ashe ba daidai ba ne Kirista ya tsaya wa Allah ko da hukuma ta hana?" Ya ce daidai ne, ya kawo mini misalin Daniyel, wanda aka hana shi addu'a ya ƙi bari. Sa'an nan ya ce in lura, addu'ar kansa Daniyel ya yi, a ɗakinsa, bai ɗauki hatimin ofishinsa ya tilasta wa kowa ba. Ba wanda ya hana Moore addu'a, ko zuwa majami'a, ko kafa dutse a ƙofar gidansa. Zauren kotu kuwa na kowa ne, har da wanda bai zaɓe shi ba. Baba ya sa na karanta Maimaitawar Shari'a sura 16 da Littafin Firistoci sura 19, inda aka yi wa alƙalai gargaɗi kan son kai da karɓar toshi, aka hana su goyon bayan mai arziki don arzikinsa ko matalauci don talaucinsa. Ya ce, "Ɗana, in alƙali yana son a ga addininsa, a nan za a gani."

Daga baya na karanta wani abu da ya ƙara ba ni mamaki. 'Yan Baftis, watau ɗarikar Moore, suna cikin waɗanda suka fi kowa faɗan a raba hukuma da majami'a a farkon tarihin Amurka. Kafin samun mulkin kai, a Virginia ana ɗaure masu wa'azinsu don ba su bi majami'ar hukuma ba. Shahararriyar wasiƙar nan ta 1802, wadda Shugaba Thomas Jefferson ya yi maganar katanga tsakanin majami'a da hukuma a cikinta, ga 'yan Baftis na Danbury ya rubuta ta. Lokacin da suke 'yan kaɗan sun san amfanin katangar. Ko Dokoki Goma ɗin ma, yadda Katolika suke ƙidaya su dabam yake da yadda Baftis suke yi, dutsen Moore kuwa fassarar Furotesta ta Sarki James aka zana a kansa. Hukuma in ta fara zaɓen addini, ba ta tsayawa sai ta zaɓi ɗarika.

Kammalawa

Ban ce naɗa alƙalai ba shi da aibu ba. Wanda aka naɗa ma yana iya jin nauyin wanda ya naɗa shi, shi ya sa aka fara zaɓen tun asali. Ban kuma ce mai addini kada ya zama alƙali ba. Ina fata ma a ce duk alƙalan duniya masu tsoron Allah ne. Abin da na janye shi ne maganata ta cewa ƙuri'a tana haifar da alƙalin kirki, da kuma yabon da na yi wa neman kujerar shari'a da sunan Allah. Wanda ya ci zaɓe da tutar jam'iyya da ta addini ya ɗauki bashi biyu, kuma daga haƙƙin masu zuwa gabansa zai biya. Addinin ma ba ya fita lafiya, don ya zama kayan talla, in ɗan takara ya faɗi a ce addini ya faɗi.

A makarantar nan Musulmi da Kirista layi ɗaya muke bi a ɗakin cin abinci. Cikinmu akwai masu son karanta aikin lauya, ni ma ina ciki, watakila wani ya zama joji wata rana. In Allah ya kai ni, ina roƙonsa abokin nan nawa ya iya shigowa kotuna da ƙara a kan ɗan majami'armu, ya kuma yi barcinsa lafiya a daren.

Ga 'yan ɓangaren da muka kayar a muhawara, kofi dai yana hannunmu, amma ku kuka fi mu gaskiya. Allah ya ba mu alƙalai masu adalci, amin.